Yadda ake haɗa ƙarar takun dabbobi a fim, daga kofaton doki zuwa dagin kyanwa

Wani dattijo da ya shekara da shekaru yana kula da dawaki ya taɓa zama kusa da ni muna kallon wani fim da na yi wa aikin sauti. Da aka zo inda jarumin ya sako doki a guje cikin rairayin bakin rafi, sai ya juyo ya ce mini, "Yaro, wannan dokin a kan dutse yake gudu, kuma da ƙarfe a kofatonsa." Na ce, "Baba, gaskiyarka." Daga intanet na sauko da ƙarar. An ɗauke ta a wata ƙasa inda ake buga wa dawaki takalmin ƙarfe, suna taka titin da aka shimfiɗa da duwatsu. Ido yana ganin yashi, kunne yana jin dutse. Tun ranar ban ƙara ɗora wa dabba takun da ban yi da hannuna ba.

Bahaushe ya tashi yana jin takun jaki a bayan katanga, da na awaki idan an kora su kiwo da safe, da rugugin dawaki ranar Hawan Daushe. Kunnensa ya haddace su tun yana goye. Ko bai iya faɗin abin da ya ɓaci ba, zai ji fim ɗin ya yi masa baƙunta. Shi ya sa nake ganin duk mai aikin sauti a finafinanmu ya kamata ya iya wannan sana'a, kuma ya yi ta da ƙasar wurinmu.

Wani zai ce me ya hana a ɗauki ƙarar tun a wurin ɗaukar fim. A can makirfo maganar 'yan wasa yake bi. Janareta na ruri, 'yan kallo na hayaniya, darakta na ba da umarni, mai doki na yi wa dokinsa tsawa. Sai an gama tace hoto ake komawa ɗaki, a sa hoton a gaba, a sake yin takun ana bin sa. A masana'antar fim ta duniya ana kiran sana'ar da sunan Jack Foley, wani ma'aikacin kamfanin Universal a Amurka da ya soma wannan aiki a ƙarshen shekarun 1920, lokacin da finafinai suka fara magana. Ya rasu a 1967, amma har yau haka ake yi: mutum, da hoto a gabansa, da tarkace a hannunsa.

Da farko, je ka kalli dabbar

Kada ka taɓa makirfo tukuna. Nemi inda dabbar take ka zauna. In doki ne, ka bi masu kilisa da yamma, ko ka roƙi mai barga ya bar ka ka tsaya lokacin da ake fito da su. In raƙumi ne ko jaki, kasuwar Maigatari ta jihar Jigawa ranar Alhamis makaranta ce guda. In shanu ne, ga kasuwar Wudil ranar Juma'a. Ka ɗauki bidiyon ƙafafun da wayarka, kuma in tana da tsarin rage gudun hoto, mai ɗaukar firem, wato hoto ɗaya-ɗaya, 120 ko 240 a daƙiƙa, ka kunna shi. Bayan haka ka rufe ido na ɗan lokaci ka saurara kawai. Abu uku kake nema: yadda ƙafafun suke bin juna, nauyin da ke sauka a kan kowace, da abin da ƙasa take amsawa.

Bari in daɗe a kan doki, domin shi ne ya fi fitowa a finafinan sarauta da na tarihi, kuma a kansa aka fi yin kuskure.

Idan doki yana tafiya a hankali, taku huɗu kake ji, kowace ƙafa da nata: ta baya ta hagu, ta gaba ta hagu, ta baya ta dama, ta gaba ta dama. Idan ya shiga sassarfa sai su koma biyu, domin ƙafar gaba ta hagu tana sauka tare da ta baya ta dama, sannan ɗaya ɓangaren ya biyo. A ƙaramar sukuwa uku ne: ƙafar baya ɗaya, sai biyu tare a gicciye, sai ta gaba ɗaya, sai ɗan shiru. A sukuwa sosai, irin ta jahi a gaban sarki, takun ya koma huɗu a jere da sauri, na baya biyu sannan na gaba biyu, sai shirun ya biyo. A 1878 wani mai ɗaukar hoto, Eadweard Muybridge, ya jera kyamarori a wani filin dawaki a Palo Alto ta jihar Kalifoniya, hotunansa suka nuna cewa akwai lokacin da doki mai sukuwa yake ɗauke ƙafafunsa huɗu duka daga ƙasa, ya tattara su a ƙarƙashin cikinsa. Wannan ɗan shirun shi ne ran sukuwa. Wanda ya cike shi da taku, abin da zai fito ƙarar keken ɗinki ce.

Ka lura kuma cewa wajen kashi 60 cikin 100 na nauyin doki a tsaye yana kan ƙafafun gaba. Saboda haka takun huɗun ba su da amo ɗaya. Ka duba kofaton dokin da ke cikin fim ɗin: da ƙarfe ko babu? Ka tsayar da hoton ka ƙura ido, ko ka tambayi wanda ya kawo dokin.

Na biyu, ɗaki da ƙasa

Ba sai kana da babban sutudiyo ba. Ɗaki kake so mai shiru, mai daɓen siminti a ƙasa, nesa da titi. Ka jingina katifu a bango, ka rataya barguna a ƙofa da taga, har sai ka tafa hannu ka ji babu amsa-kuwwa. Kashe fanka, kashe firji. In janareta na aiki a maƙwabta, ka haƙura sai dare ya raba. Ni yawancin aikina tsakanin ƙarfe 12 na dare ne zuwa kafin kiran assalatu.

Sai ƙasa, wadda ita ce rabin aikin. Ka sa kafinta ya haɗa maka katako huɗu kamar akwati marar gindi, mita 1 tsawo mita 1 faɗi, zurfin wajen santimita 20. Marar gindi na ce, kuma da dalili: in akwatin yana da katako a ƙasa, duk bugun da ka yi zai yi amo kamar ganga. Ka shimfiɗa tsohon buhu ko bargo a kan simintin, ka ɗora katakon, ka cika shi da ƙasa. Baho da roba ma suna da wannan matsala ta amo, sai dai in dole ta sa.

Ka tanadi ƙasa iri-iri a buhuna: rairayin rafi, jar ƙasa, burji mai tsakuwa, da ƙasar gona mai haɗe da guntayen kara da busasshen ganye. Ka ajiye falalen siminti guda don kwalta da tsakar gida, da guntun kwanon rufi, da ƙaiƙayi kaɗan. In fim ɗin na damina ne, ka kwaɓa laka a gefe, mai ɗan ruwa-ruwa, wadda za ta ba ka caɓal-caɓal. In da hali, ɗebo ƙasar daga inda aka ɗauki fim ɗin. Ba camfi ba ne, ƙasar fadama da ta jigawa ba su amsa taku iri ɗaya.

Busasshen yashi ƙarara yana ba da wani shuuu siriri wanda makirfo ke ƙara wa ƙarfi, ga ƙura da take tashi ta shiga hanci da na'ura. Ka yayyafa masa ruwa kaɗan da hannu, ka cakuɗa, ka bar shi ya sha na minti 10. Amonsa zai yi kauri, ya fi kama da ƙasar da dabba mai nauyi ta taka.

Na uku, kofato

Ɓawon kwakwa shi ne tsohon kayan aikin nan, tun zamanin wasan kwaikwayo na rediyo, kuma har yau bai tsufa ba. Ka sayi kwakwa uku ko huɗu masu girma daban-daban. Ka huda ka zubar da ruwan, ka raba kowace biyu da zarto daidai tsakiya, ka ƙwaƙule naman, ka shanya ɓawon ya bushe. Ka goge bakin da samfefa har ya zauna daidai a ƙasa.

Inda mutane da yawa suke tsayawa ke nan, kuma shi ya sa dokinsu yake fitowa kamar ana buga ƙoƙo. Ɓawon da babu komai a cikinsa rami ne, kofato kuwa cike yake. Ka cusa tsumma ko soso a ciki sosai, ka gwada a kan ƙasa, ka ƙara ko ka rage har amon ƙoƙon ya mutu, ya bar dif mai nauyi. A bayan ɓawon ka ɗaura maɗauri na fata ko na tsohon tub ɗin keke, yadda hannunka zai shiga ya zauna ba tare da ka damƙe shi da yatsu ba. In dokin ba shi da ƙarfe, ka liƙa siririyar fata a bakin ɓawon don ta rage kaifin bugun. In yana da ƙarfe kuma a kan kwalta yake, ka ɗaure ɗan guntun ƙarfe a bakin. Ka zaɓi biyu da amonsu ya ɗan bambanta, mai kauri don ƙafafun gaba, ɗayan don na baya.

Akwai abin da muke da shi a sauƙaƙe wanda na fi so ga shanu da awaki: kofaton gaske. Je ka kwata ko wurin masu babbaka ka ce a tara maka kofatan shanu da na awaki da ake ɓarewa a zubar. Ka wanke su da ruwan zafi da sabulu, ka shanya su a rana na kwanaki har wari ya fita. Kofaton saniya da na akuya a rabe yake biyu, kuma wannan rabuwar tana da ɗan amonta da kwakwa ba ta iya bayarwa.

Na huɗu, makirfo da na'ura

Doguwar makirfo irin ta ɗaukar magana a wurin fim, kamar Sennheiser MKH 416 ko ɗaya daga cikin jerin Rode NTG, ta wadatar. In babu, ƙaramar na'urar Zoom H5 ko H1n za ta yi aiki. Ka kafa makirfon a kan sanda, kada ka riƙe shi, kuma ka sa tsumma a ƙarƙashin ƙafar sandar don kada girgizar bugun ta hau ta cikinta. Nisa tsakaninsa da ƙasar ya kai kamu biyu, wato wajen mita 1, yana kallon wurin bugun daga sama a karkace. In ka kusantar da shi sosai za ka ji kowace ƙwayar yashi, sai dabbar ta zama kamar a cikin kunnen mai kallo take tafiya. Duk lokacin da ka ninka nisan, ƙarfin sautin yana raguwa da wajen desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), don haka in dabbar tana nesa a hoton, ja makirfon baya ya fi rage murya a kwamfuta kyau.

A cikin na'urar, ka saita ingancin ɗaukar a kilohaz 48 da bit 24, a tsarin fayil ɗin sauti na WAV, domin shi ne ma'aunin aikin fim. In kana da niyyar saukar da amon daga baya don ƙara wa dabba girma, ka ɗauka a kilohaz 96. Ka buga mafi ƙarfin takun da za ka yi, ka daidaita har allurar da ke nuna ƙarfin sauti a na'urar ta tsaya wajen desibel 12 ƙasa da sifili. Wutar lantarkinmu tana gudu a haz 50, wato kaɗawa 50 a daƙiƙa, kuma in ka ji wani gunji a ƙarƙashin sautin, yawanci daga caja yake shigowa. Zare ta, ka yi aiki da batir.

Manhajar da za ta nuna maka hoto yayin da kake ɗauka ita kake bukata. Reaper tana yi, Pro Tools tana yi, kuma DaVinci Resolve tana da sashen sauti mai suna Fairlight ko a cikin wadda ake saukewa kyauta. Ka tambayi mai tace hoto ko a firem 24 ya yi aikin ko a 25, ka saita naka daidai da nasa. Rashin yin wannan tambaya ɗaya yana sa taku ya dinga zamewa daga hoto sannu a hankali har ƙarshen fim.

Na biyar, yi takun

Ka cire agogo da zobe, ka sa kaya masu taushi. Shadda mai sitaci tana ƙara da kowane motsi, makirfo kuma ba ya yafewa. Ka durƙusa a gaban ƙasar, allon yana daidai idonka. Ka sa manhajar ta yi maka 'yar ƙara sau uku a jere a kunne kafin wurin da dabbar za ta fara motsi, tazararsu ɗaya, don na huɗun da ba a ji ba ya zama takunka na farko.

Ka kalli wurin sau biyar ko shida ba tare da ka ɗauka ba, kana bin sa da baki ko da yatsu a cinya. Kada ka kalli kofato. In ka jira ka ga ya taɓa ƙasa sannan ka buga, ka riga ka makara. Kafaɗar dabbar da kanta za ka kalla, su ne ke gaya maka takun da ke zuwa. Doki mai tafiya yana gyaɗa kai tare da takunsa, kuma da zarar jikinka ya kama wannan gyaɗawar, hannunka zai bi da kansa. Makaɗin kalangu ma ba ƙafar mai rawa yake ƙirgawa ba, jikinsa yake karantawa.

Bugun kansa ba sara ba ne. Ka sauke bakin ɓawon na baya ya fara taɓa ƙasa, sannan ka kifa sauran, ka danna da nauyin kafaɗarka, ka ɗan ja ƙasa yayin ɗagawa. Saukar, dannawar, da ɗagawar, duk ukun ana jin su a takun dabba mai nauyi. A rairayi ka bar ɓawon ya nutse. A kan siminti ka sassauta hannu, domin abu kaɗan ya isa.

Hannu biyu gare ka, ƙafafu huɗu gare shi. A tafiya da sassarfa hannu biyu sun isa. A sukuwa nakan raba aikin: in ɗauki ƙafafun baya a layin sauti ɗaya a manhajar, in dawo in ɗauki na gaba a wani layin ina sauraron na farko a kunne. Wasu suna iya yin duka a bugu ɗaya, amma rabawar tana ba ka damar gyara kowanne daban. Idan mahayi ya ja linzami a gaban sarki doki ya yi zamiya da ƙafafun baya, wannan ba taku ba ne, ja ne: ka danna ɓawon biyu cikin ƙasa ka tura su gaba da ƙarfi, sannan a wani layin ka watsa ɗan yashi da tsakuwa a kan ƙasar don ɓarɓashin da ke tashi.

Kada ka yi taku huɗu masu kyau ka dinga maimaita su da kwamfuta. Kunne yana gane maimaici cikin daƙiƙa kaɗan. Ka yi wurin daga farko har ƙarshe, sau uku ko huɗu, ka zaɓi mafi kyau. In dawaki da yawa ne, ka bi na gaban kyamara ɗaya ko biyu daidai da hoto, sauran kuma ka yi musu layi uku ko huɗu da ɓawo daban-daban, ba tare da ka damu da daidaito ba. Rugugin hawan sallah daga wannan rashin daidaiton yake fitowa.

Sauran dabbobi

Jaki dokin ne a ƙanƙance: ƙaramin ɓawo, gajeren taku, sauri-sauri. In yana ɗauke da mangala cike da yashi, ka ƙara dannawa, ka sa ɗan jan ƙafa.

Raƙumi kuwa wani abu ne daban, kuma na sha jin an ɗora masa kofaton doki, abin da ke ɓata mini rai ƙwarai. Raƙumi ba shi da kofato irin na doki. Yatsu biyu gare shi a kan faffaɗan tafi mai taushi wanda ke bajewa idan ya taka. Kuma ƙafafunsa na gefe ɗaya kusan tare suke tafiya, dama biyu sannan hagu biyu, shi ya sa mahayinsa ke rangaji. Ka ɗinka 'yar jakar fata mai taushi kamar faɗin faranti, ka cika ta da dusa ko yashi ba tam ba, ka yi biyu. Ka dinga aza su a kan rairayi a hankali kana dannawa, kana ɗan murzawa. Abin da zai fito ya fi kusa da numfashi a kan bugu. Ayarin raƙuma a hanyar Agadas ƙarar kayansu da gurnaninsu ake ji kafin takunsu.

Ga shanu, ka sa kofaton gasken a yatsu biyu na kowane hannu, ko ka ɗaure su biyu-biyu a kan guntun itace da ɗan sako-sako don su taɓa juna. Takun a hankali, da nauyi, da jan ƙafar baya. Awaki da tumaki kuwa ƙananan kofatai a kan yatsu, taku mai sauri da ke tsayawa farat ɗaya ya sake tashi. Akuya ba ta tafiya a miƙe, tana yi tana tsayawa shinshina, kuma in ta hau tudu ko katanga sai ka bi tsallenta ɗaya bayan ɗaya.

Kare ba ya iya mayar da faratansa ciki, don haka a kan siminti ko tayil ana jin ƙas-ƙas ɗinsu. Ka sa safar hannu ta yadi, ka liƙa ƙaramin ƙarfen maƙale takarda a kan kowane yatsa da salatif, ko farcen roba irin wanda mata ke sawa, ka bar tsininsa ya ɗan leƙo. Tafin yatsa ya fara sauka, farcen ya biyo. A kan yashi ka cire ƙarafan, domin a can ba a jin farce. Kura ma faratanta a waje suke kamar na kare, sai dai ta fi nauyi, kuma ƙafafunta na gaba sun fi na baya tsawo. Ga mai fim ɗin tatsuniya, ka yi na gaba da ƙarfi, na baya a gajarce.

Kyanwa da zaki suna ɓoye akaifunsu a cikin dagi. Kyanwa a tsakar gida kusan ba ta da taku, kuma kuskure ne a cika ta da ƙara. Ka ajiye sautin don lokacin da ta diro daga katanga, ko ta bi ta kan rufin kwano da dare: yatsu a cikin safa mai kauri, a kan guntun kwanon da ka tanada. Zaki kuwa dunƙulen hannu ne a naɗe da fata mai taushi a kan ƙasar gona, sai ka saukar da amon kaɗan a kwamfuta. Giwa, irin waɗanda ke dajin Yankari a jihar Bauchi, tana da kitse mai kauri a tafin ƙafa, takunta shiru ne fiye da yadda girmanta ke nunawa. Abin da ake ji shi ne karyewar rassa da murƙushewar ciyawa, don haka damin kara da busassun itatuwa za su fi yi maka amfani a kan ganga. Kaza da zabo: tsinke uku a ɗaure kamar yatsu, ana tona ƙaiƙayi.

Kayan da ke jikin dabbar

Taku kaɗai ba ya cika doki. Ka ari sirdi, linzami da likkafa, ko ka saya a Kasuwar Kurmi in aikin zai dinga zuwa maka. A layi daban ka ɗauki kukan fatar sirdi ta hanyar murɗa shi a kan cinya daidai da motsin mahayi. A wani layin ka girgiza linzami kaɗan-kaɗan, a inda dokin ya kaɗa kai kawai. In da lifidi ko manyan riguna, ka ɗauki motsin yadi mai nauyi. Ga jaki, goguwar buhu da igiya. Ga raƙumi, akala da kukan itacen sirdinsa. Numfashi da haniniya su kam gara ka je barga ka ɗauko na gaske.

Na ƙarshe, tacewa da haɗawa

Ka buɗe layukan a gaban hoton, ka bi taku ɗaya bayan ɗaya a inda ƙafa take bayyane. Firem ɗaya a tsarin 25 daidai yake da kashi 40 cikin 1000 na daƙiƙa. In za ka yi kuskure, gara sautin ya makara da firem ɗaya da ya riga hoto, domin a duniya ma haka abin yake. Sauti yana tafiyar wajen mita 343 a daƙiƙa, wato dokin da ke nisan mita 14 takunsa yana iso maka bayan firem ɗaya. In yana tahowa daga ƙarshen fili, ka bar takun ya ɗan makara, ka rage siraran amon sama, sannan ka dinga buɗe su yayin da yake matsowa. Ka bi shi daga hagu zuwa dama yadda yake ratsa allo.

Ka yanke gunjin da ke ƙasa da haz 60 ko 80, wato amo mafi kauri, a layukan ƙananan dabbobi, amma ka yi hattara da na doki da shanu, domin nauyinsu a can ƙasa yake. In dabbar ta shiga zaure ko lungu mai katanga biyu, ka ƙara gajeriyar amsa-kuwwa. A fili kada ka sa ko kaɗan. Sannan ka shimfiɗa sautin wurin a ƙarƙashi, iska, tsuntsaye, kasuwa daga nesa, ka sauke takun har ya zauna a cikinsa. In 'yan wasa suna magana a kan doki, maganar ce gaba.

Yawancin masu kallon finafinanmu a waya suke kallo, ta YouTube, wasu kuma a ƙaramar talabijin. Lasifikar waya ba ta fitar da amo mai kauri. Dokin da ya girgiza ɗakinka a manyan lasifika yana iya ɓacewa ɗungurungum a wayar mai kallo. Ka tura wurin zuwa wayarka ka saurara. In takun ya ɓace, ka ɗaga amon tsakiya, ko ka ƙara siririn layi na tsakuwa da yashi a kan kowane bugu, shi ne zai ratsa ƙaramar lasifika.

Kafin ka miƙa aikin, ka kira wanda ya san dabbar, mai doki ko makiyayi, ka kunna masa ba tare da ka gaya masa abin da kake so ya lura da shi ba. In ya yi magana a kan takun, ka koma ka gyara abin da ya faɗa. Bayan haka ka fitar da layukan taku daban da na kayan jiki, ka rubuta wa kowanne suna da dabba da irin ƙasa, misali doki, sukuwa, rairayi, ka ajiye kwafi a wuri biyu. Ɓawon kwakwar da kofatan kuma ka zuba su a buhu ka rataye a inda danshi da gara ba za su kai ba.